Ƙaiƙayin da Ke Dawowa Duk Damina: Nazarin Lamarin Wani Karen Gadi a Garwa

Gidan da karen

Gidan na wani Bahaushen ɗan kasuwa ne a unguwar Yelwa, cikin birnin Garwa da ke arewacin Kamaru. Yana sayar da masara da gyaɗa, yana kuma turke raguna domin kasuwar layya. A bayan gidan akwai sito, kusa da shi garken awaki da tumaki. A farkon 2021, bayan an yi satar dabbobi a layinsu, aka kawo masa ɗan kwikwiyo don gadi. Uwarsa karyar gida ce, ubansa kuwa irin karnukan Jamus ne masu tsayayyun kunnuwa. Da ya shekara ɗaya nauyinsa kilo 24 ne.

Abincinsa ragowar tuwon masara da shinkafa, ƙasusuwa da tarkacen naman shanu daga wurin mahauta, wani lokaci da ɗan nono. Makwancinsa tarin tsofaffin buhuna a bakin sito. Ana yi masa allurar rigakafin haukan kare duk shekara, ban da wannan bai taɓa ganin likita ba.

Garwa tana bakin kogin Binuwai. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, damina kan ɗauka daga Mayu zuwa Oktoba da laima mai nauyi, sannan hunturu ya shigo da ƙura da bushewa. Abin da ya faru kafin Nuwamba 2023 daga bakin mutanen gidan aka ji shi. Daga wannan watan zuwa gaba akwai littafin da ɗan maigidan, wanda yake ajin ƙarshe na sakandare a lokacin, ya riƙa rubutawa kowane mako.

Yuni zuwa Oktoba 2022: farawa

Makonni kaɗan da saukar ruwa, karen ya fara lasar ƙafafunsa na gaba da dare, har ana jin ƙarar daga ɗaki. Sai goga fuska a jikin bango, da kaɗa kai. Gashin tsakanin yatsunsa ya rine ya koma ja-ja saboda yawu. Wata goma sha shida ke gare shi. Ba a yi masa komai ba, an ɗauka kaska ce, aka cire waɗanda aka gani. Da hunturu ya kama, susar ta ragu sosai, aka manta da zancen.

Mayu zuwa Agusta 2023: maganin gida da na kasuwa

Da damina ta dawo, abin ya dawo da ƙarfinsa. Wannan karon ya kai hammata, mara, matsematsi da gindin wutsiya. Ƙuraje suka fito, gashi ya fara zuba, jikin ya soma wari mai kama da na mai da ya lalace.

Abu na farko da aka gwada shi ne baƙin mai, wanda wani bakanike ya ba da shawara. An shafe masa baya da ciki sau biyu a cikin mako ɗaya. Ya lashe, ya yi amai kwana biyu, fatar cikinsa ta yi ja ta sale. Aka wanke shi da sabulun salo, aka ci gaba da yi masa wanka da shi duk bayan kwana uku. Warin yakan tafi na yini guda, fatar kuwa ta ƙara bushewa tana ɓarewa. Wata maƙwabciya ta ce jini ne ya ɓaci, a riƙa daka masa tafarnuwa a abinci. An yi ta saka sala uku kullum har zuwa Nuwamba.

A Yuli aka yi masa wanka da ruwan maganin kaskar shanu mai amitaraz, wanda aka saya don raguna, ba tare da an auna ba. Cikin sa'o'i kaɗan ya kasa tsayuwa sosai, jikinsa ya yi sanyi, ya kwanta kamar wanda aka yi wa allurar barci. Ya farfaɗo a kwana na biyu.

Abin da ya fi komai nuna aiki shi ne allurar deksametazon, mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, da wani mai sayar da magungunan dabbobi a kasuwa ya riƙa yi masa. Washegarin allura susa takan tsaya cak. Bayan mako ɗaya zuwa kwana goma sai ta dawo, a sake yin wata. An yi shida tsakanin Yuli da ƙarshen Agusta. A wannan tsakanin karen ya koma shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana fitsari ko'ina, cikinsa ya yi tulu, cinyoyinsa suka rame, ƙurajen kuma suka fara fitar da mugunya.

Satumba zuwa Oktoba 2023: wajen tsohon mafarauci

Maigidan ya gaji da allura, ya kai zancen wurin wani tsohon mafarauci da ke wani ƙauye a kan hanyar Pitowa, mutumin da ya shekara da shekaru yana kiwon karnukan farauta. Tsohon ya duba ya ce ƙazuwa ce. Ya ba da umarnin a daina allura, a riƙa dafa ganyen darbejiya da sassaƙen maɗaci ana yi masa wanka kullum, a kuma kwaɓa garin farar wuta da man maɗaci ana shafawa bayan wanka.

"Alhaji, da wannan na warkar da karnuka ba iyaka," in ji shi. "In bai tashi a wata guda ba, ka zo ka faɗa mini."

An bi wannan tsari mako shida. A kwana goma na farko karen ya yi laushi, ya ƙi abinci, susa ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba, har ya huda gefen wuyansa da farce. Daga baya warin ya ragu, ɓawon ƙurajen ya yi taushi ya zuba. Susa ba ta ragu ba, kunnen hagu ya cika da baƙin datti mai danƙo. Tsohon da kansa ya ce wa maigidan, wannan ba irin wadda ya sani ba ce.

Nuwamba 2023: bincike

A arewacin Kamaru aikin likitan dabbobi ya fi karkata ga shanu, tumaki da kaji. Babban ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, LANAVET, yana Bokle kusa da Garwa, kuma an fi saninsa da haɗa alluran rigakafin dabbobin kiwo. Fatar kare ba ta cikin abin da aka fi mayar da hankali a kai. Likitar da aka samu mai zaman kanta ce, ta yi karatu a makarantar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ngaundare.

Ta auna shi, kilo 19. Dasashinsa ya yi fari. Fatar hammata da matsematsi ta yi baƙi ta yi kauri. Ta taje gindin wutsiya a kan farar takarda mai laima, baƙin ɗigon da ya zubo ya narke ya zama ja, wato kashin ƙuma ne, jinin da ta sha. Ta kankare fata a wurare biyar ta duba a madubin likita, ba ta ga ƙwaron ƙazuwa ba. Ta manna salatif a hammata da tsakanin yatsu, ta ga ƙwayoyin cuta masu haddasa ƙuraje da yis ɗin fata mai suna Malassezia da yawa. Ta tambaya ko akwai mai susa a gidan, aka ce babu.

Ta yi wa maigidan bayani cewa akwai ciwon fata na gado da ke sa jikin kare ya yi bore ga abubuwan da ba sa damun sauran karnuka, kamar ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, da garin furen ciyawa, da funfuna. Yakan fara tsakanin wata shida da shekara uku, yakan kama ƙafafu, fuska, kunnuwa da hammata, kuma karnukan Jamus suna cikin waɗanda ya fi kamawa. Babu gwaji ɗaya da ke tabbatar da shi. Sai an kawar da ƙuma, ƙazuwa, ƙwayoyin cuta da abinci ɗaya bayan ɗaya, abin da ya saura shi ne shi.

"Dokta, ni fa na fi yarda da itatuwa," in ji maigidan.

"Ba zan hana ka ba, Alhaji. Amma abu ɗaya-ɗaya za mu riƙa sakawa, kuma sai an rubuta. Tafarnuwa kam daga yau a daina, tana farfasa ƙwayoyin jinin kare, ita da albasa."

Ta zana wa ɗan maigidan layin auna susa daga 0 zuwa 10, sifili babu susa, goma susa dare da rana har a kan abinci. Ranar ya rubuta 9.

Nuwamba zuwa Disamba 2023: share fage

An ba shi sefaleksin, maganin sha mai kashe ƙwayoyin cutar ƙuraje, miligiram 500 safe da yamma na mako huɗu. An yi masa allurar ibamektin, maganin ƙazuwa, sau uku, kwana 14 tsakanin kowace, domin kankarar fata takan kuskure ƙwaron ƙazuwa ko da yana nan. An fara ɗiga masa fifronil, maganin ƙuma da kaska, a ƙeya duk wata. Wanka sau biyu a mako da sabulun ruwa mai kuloheksidin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a fata, a bar kumfar minti goma kafin a ɗauraye. Kunne kuma ana wanke shi ana ɗiga magani.

Aikin ƙuma ya fi na jikin karen yawa. Ƙumar da ake gani a jiki kaɗan ce daga cikin abin da ke gidan, ƙwai da tsutsotsinta suna cikin ƙasa da shimfiɗa. An ƙone buhunan, an kwashe takin garke, an duba 'yan awaki aka same su cike da ƙuma aka yi musu magani, haka kyanwowi biyu na gidan. An mayar da makwancin karen ƙarƙashin rumfa nesa da sito, a kan katako da tabarmar roba da ake wankewa duk mako a shanya a rana. Dalilin nisanta shi da sito shi ne hatsin da aka adana yana da nasa ƙananan ƙwarin, dangin na ƙura.

Wankan ne ya kawo gardama a gidan, don ba wanda yake son ya riƙa cuɗa kare da hannu yana kuma salla. Maigidan ya tambayi malamin unguwa, wanda ya ce a mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma dabbar da mutum ya ajiye haƙƙinta yana wuyansa. Yaron ya ɗauki aikin, ya ware safar hannu da tsohuwar riga domin haka.

A ƙarshen Disamba ƙuraje sun mutu, wari ya tafi, dasashi ya dawo ja, nauyi kilo 21. Littafi ya nuna 5.

Janairu zuwa Maris 2024: gwajin abinci

An zaɓi abin da bai taɓa ci ba: dankali dafaffe da karfasa daga madatsar ruwan Lagdo, a dafa a cire ƙaya. Sharaɗin shi ne mako takwas ba tare da ya ɗanɗana wani abu ba. A mako na uku aka gano ƙananan yaran gidan suna jefa masa ƙosai da ƙashi, sai aka koma farko, aka ɗaure shi lokacin cin abinci. Gwajin ya cika a tsakiyar Maris, littafi ya nuna 3.

Sauƙin ya zo daidai da rani, lokacin da dama susarsa kan ragu, don haka likita ta sa a mayar masa da tsohon abincinsa na kwana 14 a gani. Ya ci tuwo da naman shanu da nono, littafi bai motsa daga 3 ba. An cire abinci daga lissafi.

Maris zuwa Mayu 2024: itatuwa da mai, ɗaya bayan ɗaya

Ban da man kifi, kowane abu an ba shi mako biyu shi kaɗai, kuma kafin a shafa ko'ina sai an gwada a wuri mai faɗin kwabo a cikin cinya a jira yini biyu.

Man kaɗanya aka fara da shi, wanda ba a haɗa da turare ba. An shafa kaɗan a hammatar hagu da gwiwar hagu bayan wanka, aka bar dama. Bayan mako biyu hagu ta fi laushi, tsagewar fatar ta rufe, dama tana nan yadda take. Aka ci gaba da shi a wuraren da suka bushe.

Ruwan darbejiya ya biyo baya: cikin hannu biyu na ɗanyen ganye a lita biyar ta ruwa, a tafasa, a tace, a bari ya huce, a zuba masa a matsayin ɗauraya ta ƙarshe a bar shi ya bushe a jiki. Bai ɓata fata ba. Yaron ya rubuta cewa karen kan yi barci sosai a daren wanka, kuma ƙudaje sun rage damun bakin kunnuwansa. Lambar mako ba ta sauya ba. Man darbejiya tsantsa kuwa ya sa wurin gwaji ya yi ja ya kumbura, aka ajiye shi.

Alobera an yi amfani da farin majinar cikin ganyen kawai, bayan an fere an wanke ruwan ɗorawar da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda ke sa gudawa in an lasa. Yana sanyaya wurin da ya yi ja na 'yan sa'o'i. Zuma ta Adamawa an sa ta a tsohon mikin wuya, aka rufe da bandeji, aka huda gindin bokitin roba aka saƙala masa a wuya don kada ya kai ga wurin. Mikin ya rufe a kwana goma sha biyu. Gangamau a abinci an gwada mako biyu, ba a ga komai ba sai rinin tasa.

A farkon Afrilu aka fara man kifi, ƙwanso huɗu masu miligiram 1000 kullum a cikin abinci. Likita ta ja kunne cewa ba man hantar kifi ba, don shi yana tara bitamin A da D, kuma kada a sa ran ganin komai kafin mako takwas zuwa sha biyu. Da kuɗin ya yi nauyi, an rage zuwa biyu, ana cikewa da kifin teku na ƙanƙara mai maiƙo sau uku a mako. A ƙarshen Mayu gashi ya rufe baya da gindin wutsiya, nauyi kilo 23, littafi na nuna 2.

Yuni zuwa Oktoba 2024: damina

Daminar 2024 ta yi nauyi a yankin, ita ce shekarar ambaliya a Yaguwa da ƙasar Chadi. An ƙara abu ɗaya a tsarin: wanke ƙafafu da ciki da ruwa zalla kowace yamma, a goge tsakanin yatsu su bushe. Yuni ya wuce a 3 zuwa 4. A mako na biyu na Yuli lamba ta hau 7. Maigidan ya so a ninka wankan darbejiya a jira, aka yi haka kwana biyar, ba ta sauka ba, karen ya fara cizon ƙafa har jini. Likita ta ba da firednisolon na sha, maganin kwantar da kumburi da susa, miligiram 12.5 kullum na kwana bakwai, sannan bayan kwana bibbiyu na mako biyu, aka tsaya. Lamba ta koma 3 a kwana na huɗu.

A Agusta tsakanin yatsu ya yi danshi ya yi wari. Salatif ya sake nuna yis. An gano yaron yana cusa man kaɗanya a wurin, sai aka hana shafa shi a ƙafa har ƙarshen damina, aka koma goge wurin da kuloheksidin. An sake gajeren zagayen firednisolon a Satumba.

A Oktoba yaron ya tafi jami'a. Wanka ya tsaya mako uku, maganin ƙuma na watan ya wuce ba a ɗiga ba. Kunnen hagu ya sake ruɓewa, lamba ta kai 6. Maigidan ya ɗora aikin a kan ƙanen yaron, ya ce masa, "Kai ne da littafin yanzu, duk Juma'a da yamma ka kawo mini in gani."

Halin da ake ciki a ƙarshen 2025

Nauyi kilo 24. A rani littafi na tsakanin 1 da 2, a Yuli da Agusta 4 zuwa 5. A daminar 2025 an yi zagayen firednisolon ɗaya na mako uku. Ba a sake buƙatar maganin ƙuraje na sha ba tun Disamba 2023. Fatar hammata har yanzu baƙa ce, kaurinta dai ya ragu. Yana gadinsa.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Babbar faɗuwa ta farko a littafin, daga 9 zuwa 5, ta zo ne kafin a fara gwada itatuwa ɗaya bayan ɗaya, lokacin da aka kashe ƙuma da ƙwayoyin cuta da yis. Ciwo uku ne suka hau kan juna: boren jiki na gado a ƙasa, boren cizon ƙuma a kansa, ruɓewar fata a sama. Kare mai boren ƙuma yawun ƙumar ne ke tayar masa da hankali, cizo kaɗan ya isa. Babu abin shafawa da zai nuna amfaninsa a fatar da ake cizo kullum tana kuma fitar da mugunya.

Tsohon mafaraucin bai yi ƙarya ba. Farar wuta tsohon maganin ƙazuwa ne, kuma karnukan farauta kan kamu da ita. Maganinsa na wata cuta ne. Galabaitar da karen ya yi a kwanakin farko kuwa ta fi kama da sakamakon yanke deksametazon farat ɗaya bayan wata biyu, domin jiki kan rage samar da nasa sinadarin idan ana ba shi na waje. Allurar kasuwa da firednisolon na likita dangi ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne awo, tsawon lokaci, da kuma cewa na biyun an ba da shi bayan an share ƙwayoyin cuta.

A cikin kayan gargajiya, man kaɗanya ne kaɗai ya nuna bambancin da ido ya gani gefe da gefe, kuma dalilinsa a fili yake: fatar mai wannan ciwo ba ta riƙe danshi, tana barin abubuwa su ratsa ta, mai kuwa yana toshe wannan gibi. Shi ɗin ma ya yi ɓarna da aka sa shi a wuri mai laima. Sabulun salo kishiyarsa ne, kaifinsa yana kwashe ɗan maiƙon da ya rage, ga shi fatar kare ta fi ta mutum siranta. Darbejiya ba ta cutar ba a matsayin ruwan ɗauraya, amma a ganina rabin ladan da ake ba ta na ruwan ne, wanda ke wanke ƙura da garin fure daga jiki. Amfaninta na gaske a wannan gida shi ne saboda ita maigidan ya yarda a riƙa wanka duk mako. Ba ta maye gurbin maganin ƙuma ba, ba ta kuma kwantar da tashin Yuli ba.

Man kifi yana da shaida a bayansa fiye da sauran. Wani gwaji da aka buga daga Norway a 2004 ya nuna karnukan da aka ba man kifi haɗe da wani man tsiro sun buƙaci ƙarancin firednisolon bayan kimanin wata biyu. Abin da aka gani a nan ya yi daidai da haka: allura shida a wata biyu a 2023, zagaye biyu a 2024, ɗaya a 2025, ko da yake an sauya abubuwa da yawa a tsakani, ba za a ba man kifi shi kaɗai wannan lada ba. Akwai sababbin magunguna kamar Apoquel, wanda aka amince da shi a Amurka a 2013, da allurar Cytopoint, masu kwantar da susa ba tare da illolin dangin deksametazon ba. Likita ta ambace su, kuɗinsu da wahalar kawo su daga Duwala suka sa aka ajiye zancen.

Ciwon bai warke ba, kuma irinsa ba ya warkewa, riƙe shi ake yi. Makonni ukun Oktoba 2024 sun nuna abin da ke riƙe da shi, don magunguna da itatuwan duk suna nan a gidan, mai wankan ne ya tafi. Tsarin da likita ta bar musu na daminar 2026 shi ne a fara wanke ƙafafu tun tsakiyar Mayu, a duba kunne duk mako, kuma a kira ta da zarar lamba ta kai 6 kwana biyu a jere.